Faifan situdiyo ko ɗaukar biki: wanne ne ainihin Mdou Moctar?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san mutanen Nijar na gidan nan ba za su bar ni in sha ruwa ba. A ganina duk mai son ya san Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine na Nijar, ya nemi faifansa Afrique Victime na 2021 ko Funeral for Justice na 2024, ya toshe kunnuwansa da abin saurare mai kyau, ya zauna. Bidiyoyin bikin nan da ake ta yawo da su a waya, lasifika na kuka, janareta na ruri, yara na gilmawa gaban kyamara, ba su ne aikinsa ba. Aikin makaɗi shi ne abin da ya zauna ya tace, ya saurara, ya ce na yarda a fitar da sunana a kai. Sauran duk tsintuwa ce.

Na Tawa: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓa tsayawa filin biki a Agadas ko Abalak ana kaɗa jita?

Ɗan Fagge: Ban taɓa ba. Amma aikina ke nan, haɗa sauti. Kunnena ya san abin da yake ji.

Na Tawa: To shi ya sa. Abin da kake kira tsintuwa shi ya kai shi inda yake. Faifansa na fari, Anar, a Sakkwato ya yi shi a 2008, a irin situdiyon da ake yin waƙoƙin fim ɗin Hausa, da muryar nan ta na'ura da kuke sa wa mawaƙanku. Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da katin memori, har ya ƙetara Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci Tahoultine cikin wayoyin mutane, ya sa ta a tarin waƙoƙin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga neman mai waƙar. In da mutane sun zauna jiran abin da aka tace, da yau ba ka san sunansa ba.

Ɗan Fagge: Ka ga ka taimake ni ba ka sani ba. Anar ai aikin situdiyo ne. Waya ta yaɗa shi kawai.

Na Tawa: Na ji. Amma wanda ya biyo baya fa? Afelan na 2013 a Cintabaradan aka ɗauke shi, yana wasa mutane na zaune. Sai 2019 ya yi faifai da cikakkiyar ƙungiya a situdiyo, Ilana, a Detroit. Lissafa shekarun da ke tsakani. Duk wannan lokacin da me yake ci? Da biki. A biki hannunsa ya nuna.

Kawu Bazazzagi: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Wannan musun ya girme ku duka. Mun yi shi a Kaduna tun zamanin garmaho, a kan ƙungiyar Turawan Ingila, Dire Straits. Sultans of Swing da ke faifansu na 1978 ba ta kai minti 6 ba. Da suka fitar da Alchemy a 1984, wanda aka ɗauka a Hammersmith Odeon a Landan, waƙar ta doshi minti 11, kuma mai jitarsu Mark Knopfler ya yi abin da bai yi a situdiyo ba. Akwai abokina da ya rantse ba zai ƙara sa ta farkon ba. Ni kuwa har gobe ta farkon nake so, don a tsuke take, ba abin da ya yi yawa a ciki. Ba mu shirya ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Abin da nake so ku duba shi ne, tsawon waƙa ba mawaƙi kaɗai ke yanke shi ba. Ƙaramin faifai mai juyi 45, wanda ake sa waƙa ɗaya a kowane gefe, minti uku zuwa huɗu aka saba ɗora masa, kuma abin da gidajen rediyo ke so ke nan. Babban mai juyi 33 yana ɗaukar minti ashirin da wani abu a gefe. To sai aka riƙa ɗinka waƙa daidai da faifai. Mu nan da muka tashi da Shata mun san waƙa ba ta da awo. Bakandamiya guda nawa ce? Ya danganta da inda aka yi ta da wanda ke zaune a gabansa. Wanda ya ce ga ta asali, sauran kwafi ne, bai san Shata ba.

'Yar Damagaram: Kawu ya gama magana. Allah ya ƙara girma.

Ɗan Fagge: Allah ya ja kwana Kawu, amma da saura. Shata murya ce da kalangu. Ko a rediyo mai batir biyu ka ji shi, ba abin da ya ɓace. Kiɗan su Mdou kuwa hawa huɗu ne: jitarsa, jitar Ahmoudou Madassane da ke riƙe da zaren kiɗan, gangunan Souleymane Ibrahim, da bes ɗin Mikey Coltun. Makirfon waya ba ya kama ƙasan sauti. Bes ɗin nan da ke bugun ƙirji, a waya babu shi sam. Kuma da ƙara ta yi yawa wayar da kanta take danne komai, sai ganga da jita su cakuɗe su zama shuuu. Kana kallon bidiyon kana cewa ka ji ƙungiya, alhali rabinta ka ji. A situdiyo kowace ganga da makirfonta, kowace jita da layinta. Abin da Ahmoudou ke yi a baya, wanda shi ne ƙashin bayan abin, sai a faifai na fara jin sa sosai.

Mazaunin Hambog: Ni na gan su a dandali a nan Jamus, kuma ina da faifan garmaho na Afrique Victime. Gaskiyar Ɗan Fagge a kan bes. Amma akwai abin da faifai bai ba ni ba. A dandali waƙa takan fara a hankali, sai ganga ta riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ba ka ankara ba sai ka ga Jamusawan da ko kai ba sa kaɗawa sun fara tsalle. Mdou bahago ne, kuma da yatsu yake kaɗawa, yana tafiya har bakin dandali yana kallon mutane ido da ido. Wannan ba ya shiga faifai.

Ɗan Fagge: Ƙara saurin nan yana cikin faifai, ɗan'uwa. Koma ka sa waƙar da aka ba faifan sunanta. Ta haura minti 7, kuma daga tsakiya ganga ke ta hawa har ƙarshe. Ba su ɗaure kansu da na'urar ƙidayar bugu ba, irin wadda muke sa wa yaranmu a kunne a nan Kano. Shi ya sa nake cewa faifan ya riƙe rai, kuma ya ƙara da tsafta.

Na Tawa: Minti 7! A biki minti 7 mata ba su gama gyara mayafi ba.

'Yar Damagaram: Hahaha wallahi. Bari in faɗa muku abin da maza ba sa lura da shi. A biki ba makaɗi ke da waƙa shi kaɗai ba. In ƙawayen amarya suka shigo fili, dole ya tsaya a kan kiɗan da suke takawa har su gaji. In aka rangaɗa guɗa, ya san ya taɓa wurin, sai ya maimaita. In wani ya fito yana liƙi, a ja waƙar. Tafi ma kiɗa ne, don tushen abin tende ne, turmin da ake ɗaure wa fata mata su zagaye shi suna tafi suna amshi. Ka cire mata da tafi da guɗa, ka kai maza huɗu ɗaki mai sanyi a Amurka, ka ce wannan ne na ainihi? Faifai kilishi ne, Malam. Yana da daɗi, yana tafiya nesa, ba ya lalacewa. Amma kada ka ce wa wanda ke tsaye gaban mai tsire kilishinka ne nama.

Ɗan Fagge: Hajiya, kilishin nan dai shi ake kai wa tsaraba.

'Yar Damagaram: Ga waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kawu Bazazzagi: Bakano ko a musun kiɗa sai ya kawo maganar abin da za a sayar.

Ɗan Fagge: Kawu, in ba mu sayar ba, Zazzagawa me za su saya? Amma bari in jefo wata. Kuna ta yabon ɗaukar dandali kamar ita ce gaskiya tsirara. Da yawa daga cikin shahararrun faya-fayen dandali na Turawa, an koma situdiyo an yi musu kwaskwarima. Alive! na Kiss, 1975, su da kansu sun amsa daga baya cewa an gyara wurare. Live and Dangerous na Thin Lizzy, 1978, wanda ya haɗa shi, Tony Visconti, ya ce an sake ɗaukar abubuwa da yawa, 'yan ƙungiyar suka ce ya zuzuta. Ko ihun 'yan kallo ana iya ƙara masa ƙarfi. Ni na san yadda ake yi, don ni ma in aka kawo min ɗaukar taro muryar ta kauce, kiran mawaƙin nake ya zo ya maimaita baitin. To ina gaskiyar?

Mazaunin Hambog: Wannan gaskiya ne. Kuma akwai ƙungiyar da ta nuna situdiyo ma fili ne mai zaman kansa. Beatles sun daina yawon wasa a watan Agustan 1966, bayan wasansu na San Francisco, don ihun 'yan mata ya sa ko kansu ba sa ji. Da suka zauna situdiyo suka fito da Sgt. Pepper a 1967, abin da a lokacin ba yadda za a yi mutum huɗu su kaɗa shi a dandali. Wa zai ce ba aikinsu na ainihi ba ne?

Na Tawa: Ba wanda zai ce. Amma su Beatles sun bar dandali sun ci gaba da cin abinci, don faifai na sayuwa a ƙasarsu. Kai makaɗin Agadas ya bar biki ka gani. Wa ke sayen faifai a Nijar? Faifan garmahon da ke hannunka, Mazaunin Hambog, kuɗinsa nawa in an juya shi sefa? Ba don mu aka buga shi ba. Wannan ita ce maganar da nake ta kewayawa. Faifan situdiyo wasiƙa ce zuwa waje. Matador da ya fitar da faifan kamfanin Amurka ne, masu sayensa can suke, masu rubutu a kansa can suke. Mu a gida abin da muke ji shi ne abin da aka turo a WhatsApp.

Ku duba Bombino, wani makaɗin jitar Agadas. Abin da ya fara fitar da shi waje Guitars from Agadez Vol. 2 ne, na kamfanin Sublime Frequencies, 2009, kuma gefe guda na faifan ɗaukar wasa ce a Agadas, da ƙura da komai. Bayan tawayen 2007 ya yi gudun hijira Burkina Faso, ya dawo ya yi wasan nan a gindin babban masallacin Agadas a farkon 2010. Duk wanda ya kalli hoton wasan ya ga yadda gari ya fito. Sai 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya kai shi Nashville a Amurka suka yi Nomad. Ya yi kyau, ya hau saman jadawalin Billboard na kiɗan duniya. Amma an cusa masa kayan kiɗan da ba a san su a bikinmu ba, sauti ya yi kauri irin na Amurkawa. Ni in na sa shi, Auerbach nake ji yana tsaye bayan Bombino.

Ɗan Fagge: To laifi ne? Da Nomad ɗin ya shiga manyan dandamali. Deran na 2018, wanda ya yi a Kasablanka, shi ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy. Da ɗaukar waya za a sa shi?

Na Tawa: Ban ce laifi ba ne. Na ce ba don kunnena aka yi ba.

Bakatsine: Ni fa baƙo ne a wannan harka, waƙoƙin fim na sani. Amma tambaya: in dai biki ne gaskiyar abin, me ya hana a kai kayan ɗauka masu kyau wurin bikin? Sai a huta da musu.

Kawu Bazazzagi: Yawwa ɗana. Ga tambayar da ya kamata a fara da ita.

Mazaunin Hambog: An yi, kuma a ganina waɗannan ne suka fi daɗi. Etran de l'Aïr, ƙungiyar 'yan gida ɗaya ce a Agadas tun 1995, aikinsu ke nan wasan biki, har bikin waɗanda ba su da ƙarfin ɗauko manyan makaɗa. Faifansu No. 1 da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2018, a waje aka ɗauke shi, a unguwarsu, mutane suka taru. Kana jin guɗa da tafi a ciki. Les Filles de Illighadad, ƙungiyar matan Nijar su Fatou Seidi Ghali, nasu At Pioneer Works a gaban jama'a aka ɗauka a Brooklyn a 2019, ya fito 2021. Shi kansa Mdou a 2022 ya fitar da Niger EP kashi biyu, kuma abin da ke ciki ɗauka ce da aka yi a gida Nijar, a bukukuwa da zaman gida da wurin gwaji. Kun ga shi ma bai yarda cewa tsintuwa ba ce, tunda ya sa sunansa a kai.

'Yar Damagaram: Ɗan Fagge, ga ma'auninka ya juyo kanka. Kai ka ce aikin makaɗi shi ne abin da ya yarda a fitar da sunansa.

Ɗan Fagge: Na gani. Amma ku lura, ba wayar wani ɗan kallo aka kwaso ba. An zaɓa, an tace, an daidaita sauti. Mutum irina ya zauna a kai. Ba ku rabu da mu ba dai.

Na Tawa: Ba mu ce a rabu da ku ba. Cewa muka yi ku taso ku zo inda ake abin, ku daina kiran mutane ɗakinku.

Kawu Bazazzagi: Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan Mali, ai haka suka yi. Kafin duniya ta san su, kaset ɗinsu ke yawo hannu da hannu a sahara, wani ya kwafa ya ba wani. Faifan da ya fara fitar da su a 2001 a gidan rediyon Tisdas na Kidal aka ɗauke shi. Tassili kuma, wanda ya ci musu Grammy a 2012, kayan ɗaukar aka kwasa aka kai hamadar kudancin Aljeriya wajen Janet, aka kafa tanti. To wannan situdiyo ne ko fili? Ni a nan nake ganin musunku ya rasa ƙafa.

Ɗan Yamai: Na shigo a makare. Kuna ta Abzinawa kun manta Tal National, waɗanda ma suke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauransu. Shugabansu Almeida, a lokacin da suka yi suna ma'aikacin shari'a ne da rana, makaɗin jita da dare. A Yamai sukan yi awa biyar suna wasa a dare ɗaya, kuma suna da mutane da yawa har ƙungiyar kan rabu biyu ta yi wasa wuri biyu. Faya-fayensu da FatCat ta Ingila ta fitar, Kaani 2013, Zoy Zoy 2015, Tantabara 2018, injiniya ne daga Chicago, Jamie Carter, yake tasowa da kayansa ya zo Yamai. Kafin nan su da kansu suke sayar da CD ɗinsu a bakin titi. Yanzu faɗa min yadda za ka matse awa biyar cikin minti arba'in. Abin da ke faifai ɗanɗano ne. Amma ba don faifan ba, Ɗan Fagge a Kano ba zai taɓa jin su ba, wannan kuma dole a ba shi.

Ɗan Fagge: Allah ya yi maka albarka. Mutum ɗaya dai ya yi adalci a gidan nan.

Ɗan Yamai: Kada ka yi saurin godiya. Akwai inda nake tare da kai fiye da haka, akwai inda ba na tare da kai. Inda nake tare da kai shi ne maganar saƙo. A biki ba mai sauraron baiti, rawa ake. Funeral for Justice kuwa magana ce a jere, tun daga waƙar da ke kiran shugabannin Afirka, zuwa Imouhar da ke roƙon Abzinawa kada su saki harshensu, zuwa wadda ke magana da Faransa kai tsaye. An gama ɗaukarsa kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ya fito bayansa, sai ya zama kamar don ranar aka yi. Wannan tsarin, wace waƙa ke gaba wace ke bin ta, faifai kaɗai ke iya shi. Mai sauraron waƙa ɗaya-ɗaya a waya ba zai gane ba.

Inda ba na tare da kai shi ne cewa akwai siga ɗaya da ita ce aikin. Juyin mulkin ya rutsa da su Mdou suna Amurka, aka rufe iyakoki, ba hanyar komawa gida. A wannan zaman suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki ba, ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙi ɗaya, mutane ɗaya, amma na farko faɗa ne, na biyu kuka. To wanne ne na ainihi a cikinsu? Duka biyun situdiyo ne, balle ka ce waya ta ɓata.

Bakatsine: To ni da zan fara yau, da wanne zan fara? Kada ku ba ni goma, data ta yi tsada.

Na Tawa: No. 1 na Etran de l'Aïr.

Ɗan Fagge: Afrique Victime, kuma don Allah ba a lasifikar waya ba.

'Yar Damagaram: Ka zo Damagaram bayan Sallah, akwai bikin ƙanwata, an ce za a ɗauko masu jita daga Agadas. Kuɗin mota kawai za ka nema.

Kawu Bazazzagi: Ni damuwata daban ce. Waɗannan ko ba komai an samu masu ɗaukarsu suna adanawa. Bala Miller da ƙungiyarsa sun yi shekaru suna wasa a Kaduna, mun yi rawa a gabansu. Faya-fayen situdiyonsa ana samu jefi-jefi. Wasanninsa na dandali fa? Wanda ke da kaset ɗin da aka ɗauka a wurin wasa, ko na gidan talabijin, ya yi magana. Ɗan Fagge, in an samu, kai za ka wanke mana shi, kuma ba za mu biya ba.

Ɗan Fagge: Kawu, wankewa kyauta ne. Amma kaset ɗin da ya shekara arba'in a akwati kada wanda ya sa shi a rediyo ya gwada, zaren zai iya tsinkewa ko ya naɗe. A kawo min shi yadda yake, ina da na'urar da nake juya su a hankali. Wanda ke Kaduna ya ba direban motar Kano, ya turo min lambar direban ta akwatin sirri.